Ƙaramin rishon gas a tafiyar ƙasa: abin da iska da sanyi suke yi masa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokina muna shirin tafiyar ƙasa ta kwana biyar a cikin tsaunuka, kowa da jakarsa a baya, kuma a tanti za mu riƙa kwana. Na ga wani ɗan risho da ake murɗawa a kan gwangwanin gas, nauyinsa bai kai giram 30 ba. Shin zai ishe mu girki? Gas nawa za mu riƙe, kuma da gaske ne yana ƙin ci idan gari ya yi sanyi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Zai ishe ku muddin yawancin aikinsa tafasa ruwa ne da ɗumama abinci mai saurin nuna, amma idan kuna nufin ɗora babbar tukunya ta daɗe a wuta, to ba don wannan aka ƙera shi ba. Mafi shahara a wannan nauyi shi ne BRS-3000T, na ƙarfen titaniyom, mai kimanin giram 25, yayin da MSR PocketRocket 2 yake da giram 73, Soto WindMaster kuma kusan 87. Ka ga ke nan tazarar da ke tsakanin na farkon da sauran biyun kusan giram 50 zuwa 60 ce kawai, alhali gwangwani mai gas giram 230 yana da ƙarfe na kusan giram 150 kafin a lissafa abin da ke cikinsa. Saboda haka nauyin da bayanka zai ji yana wajen gas, kuma rishon da ke ɓarnar gas yakan mayar maka da duk nauyin da ka ɗauka ka rage, har da ƙari.

Babban mai cinye gas shi ne iska. Kan irin wannan ɗan risho a buɗe yake, harshen wutarsa siriri ne, kuma ko iskar da da ƙyar take kaɗa ganye tana iya karkatar da shi gefe, ta yadda za ka ji yana ruri kamar yana aiki sosai alhali zafin yana wucewa ta gefen tukunya. A irin wannan hali gas ɗin da ake ƙonawa yana iya ninkawa, wani lokaci ma ruwan ya ƙi tafasa. Wannan ne ya sa aka yi wa WindMaster kai mai zurfi da baki kewaye da ramukan wuta, aka kuma matso da tukunya kusa da shi, kuma a ganina ƙarin nauyinsa ya biya kansa ga wanda zai yi girki a filin tsauni.

Sai dai a nan ne mutane suke yin kuskure mafi haɗari, wato su kewaye risho da gwangwani gaba ɗaya da fallen ƙarfe don kare iska. Zafin da ya kamata ya watse sai ya taru a jikin gwangwanin, matsin da ke ciki ya yi ta hawa, kuma a jikinsa an rubuta gargaɗin kada ya wuce digiri 50 a ma'aunin Selsiyos, domin yana iya fashewa. Abin da ya dace shi ne ka nemi bayan dutse ko wani lungu, ko ka zauna ka tare iskar da jikinka, kuma idan ka sa kariya, ta tsaya a ɓangaren da iska ke fitowa kawai. Ka riƙa taɓa gwangwanin lokaci zuwa lokaci: idan ya yi zafin da hannu ba zai iya zama a kansa ba, ka kashe wutar nan take.

Game da yawan gas, a wurin da babu iska, tafasa rabin lita yakan ci kimanin giram 6 zuwa 8, idan tukunyar tana da murfi kuma ba a ƙure wutar ba. Ƙure wuta yana rage daƙiƙoƙin jira ne kawai, amma yana zubar da zafi a banza, don haka matsakaiciyar wuta ta fi riba. Idan ku biyu kuna tafasa lita biyu a rana, wato kusan giram 28, kwana biyar zai ci giram 140, wanda ke nufin ƙaramin gwangwani mai giram 100 ba zai kai ku ba, mai 230 kuma zai kai har da rarar da za ta rufe ranar iska. Duk da haka na fi so ka auna da kanka kafin ku tashi: ɗora gwangwanin a kan ƙaramin sikeli, tafasa rabin lita da tukunyar da za ku tafi da ita, ka sake aunawa, bambancin shi ne lissafinka na gaskiya.

Maganar sanyi gaskiya ce, kuma dalilinta yana cikin gwangwanin. Gas ɗin ruwa ne a matse, sai ya koma tururi kafin ya fito ya kama wuta. Gas ɗin kuma iri-iri ne: biyuten na yau da kullum yana daina yin tururi a kusan digiri sifili, aisobiyuten a kusan 12 ƙasa da sifili, furofen kuwa sai a 42 ƙasa da sifili, shi ya sa ake gauraya su. Matsalar ita ce furofen ne ke fara ƙarewa, kuma gwangwanin yana ƙara sanyaya kansa yayin da gas ke fita, har ka ga raɓa ko ƙanƙara ta kwanta a gindinsa, wutar tana ja da baya alhali in ka girgiza kana jin sauran gas. Don haka ka zaɓi gaurayen aisobiyuten da furofen, ka kwana da gwangwanin cikin jakar barcinka ko ka sa shi cikin riga kafin girki, kada kuma ka ajiye shi kai tsaye a ƙasa mai sanyi. Tsayar da shi cikin ɗan ruwan da bai daskare ba yana taimakawa ƙwarai, amma kada ka kuskura ka gasa shi da wuta. Tsawon tsauni shi kansa ba ya hana gas fita, sai dai a mita 3,000 ruwa yana tafasa a kusan digiri 90, abinci ya ƙara jinkirin nuna, maɓallin kunnawa na rishon da ke da shi kuma yakan ƙi, saboda haka ashana ko laita ba abin bari ba ne.

Ƙafafun da ke riƙe tukunya a kan rishon giram 25 gajeru ne kuma sirara, tukunyar da ta wuce lita ɗaya tana tangal-tangal a kansu, shi ya sa dole a share ƙasa ta daidaita kafin a kunna. Kafin ka murɗa shi, duba zoben robar da ke gindinsa ko ya tsage, ka tabbata makunnin a rufe yake, ka riƙe gwangwanin a tsaye, kuma idan hucin gas bai tsaya ba bayan ka ɗaure, ka kwance ka sake. Girki cikin tanti a rufe kuwa ina roƙonka kada ku yi shi ko ana ruwan sama, domin iskar kabon monoksaid da wutar ke fitarwa ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum kafin ya farga, ga shi kuma yadin tanti yana kama wuta nan da nan.

Idan tafiyar ta haɗa da jirgin sama, ba a yarda da gwangwanin gas a jakar hannu ko a cikin kaya ba, sai dai ku saya a inda kuka sauka. A nan ka lura da bakinsa: rishonka yana hawa gwangwani mai bakin murɗawa na ƙa'idar Turai mai lamba EN 417, amma na kamfanin Campingaz, waɗanda suka yawaita a Faransa, bakinsu na dannawa ne, ba zai hau ba. Gwangwanin da ya ƙare kuma ku sauko da shi daga tsauni cikin jaka, a ƙone sauran gas ɗin a fili har wuta ta mutu kafin a huda shi a kai wurin tara ƙarafa.