Likita ya hana ɗiyata alkama, abincin Yahudawa zai fisshe mu?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ya aiki. Dan Allah ki taimaka min da shawara, ɗiyata ce 'yar shekara 7 ta fi shekara biyu tana fama da zawo da kumburin ciki, ga rama ga ƙarancin jini, mun sha maganin tsutsa mun sha na shawara har mun gaji, sai da aka tura mu babban asibiti aka yi gwajin jini aka zura mata kyamara ta baki sannan likita ya ce siliyak ne, wai ita da alkama har abada. Ƙanena da ke karatu a Ingila unguwar da yake zaune akwai Yahudawa da yawa, shi ne ya ce lokacin idinsu ba su cin burodi ko kaɗan, shagunansu cike suke da kayan da babu alkama masu tambarin kosha, wato halal ɗinsu, zai riƙa aiko mana. Gaskiya ne duk abin da ke da tambarin nan za ta iya ci? Su ya suke yi da ciwon? Kuma ya zan yi da kakarta, kullum sai ta ce ɗan gutsuren fanke ba ya kisa. Daga wata uwa, Argungu, jihar Kebbi.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jinya, Allah ya ba ta lafiya. Ki fara kiran ƙanen naki ki ce ya dakata da sayayya tukuna, ya gano wani abu amma rabin labarin ya ji.

Shi siliyak ba tsutsa ba ne ba kuma sammu ba, garkuwar jikin yarinyar ce take juyowa ta yaƙi ƙaramin hanjinta duk lokacin da ta ci wani sinadari mai suna gulutin, wanda yake cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai da ake kira rayi. Cikin hanjin akwai wasu 'yan tsirarrakin da ke tsotse amfanin abinci, su ne suke zaizayewa, shi ya sa tana ci amma kamar ana zuba ruwa a kwando. Kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da shi. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya ɗaure wa alkama laifin, ya lura lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi wuya yaran da ke da ciwon sun samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwo ya dawo.

To batun Yahudawa. Idin da yake nufi shi ne Pesak, Idin Ƙetarewa, na tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar, kwana 7 ake yi a Isra'ila, a sauran ƙasashe yawanci kwana 8. A kwanakin nan an hana su duk wani abu mai tashi da aka yi da hatsi biyar, alkama da sha'ir da rayi da ots, shi ma hatsin Turai ne, da wani dangin alkama. Amma ba alkamar aka hana ba, kumburin ƙullun aka hana. Babban abincin idin ma shi ne matza, wata busasshiyar gurasa mara yis da ake kwaɓawa a gasa cikin minti 18 kafin ta tashi, kuma yawancinta zallar alkama ce. Har daka ta suke yi ta zama gari su zuba a kek da miya. Kin ga ke nan kwali zai iya zuwa da tambarin kosha na idin alhali gulutin ne fal a ciki. Kosha hukuncin addini ne kamar yadda muke cewa halal, ai burodin mai shayin unguwarku ma halal ne amma ɗiyarki ba za ta ci ba.

Inda ƙanenki ya yi gaskiya shi ne, akwai wasu daga cikinsu da ba su yarda ko matzar ta taɓa ruwa ba a idin, saboda su kamfanoni ke yin biskit da kek da taliya daga garin dankalin turawa, masu siliyak a can har jiran lokacin suke su sayi na watanni su ajiye. In zai aiko, ya nemi wanda aka rubuta ƙarara cewa babu gulutin, ma'aunin da ake bi shi ne kada ya wuce kashi 20 cikin miliyan.

Ni abin da ya fi burge ni a lamarinsu shi ne yadda suka yi da mai ciwon a teburin ibada. Cin matza a daren farko wajibi ne a wurinsu kuma dole ta fito daga hatsin nan biyar, ba a yi da shinkafa ko masara. Sai suka koma wa ots, ana noma shi daban a niƙa daban kada alkama ta raɓe shi, a yi matza da shi, ga tsada kuwa, amma mai ciwon yana zama cikin 'yan uwansa ya ci nasa. Wanda ko ots ɗin ke tayar masa, malamansu suna da ƙa'idar cewa tsare rai yana gaba. Haka ma burodin Asabar da suke kira halla, masu ciwon da ots suke yin nasu. Wato ba su ce masa daure ka ɗan taɓa ba, ba su kuma ware shi gefe ba.

Nan ne zancen kaka ya shigo. Kada ki yi musu da Inna a gaban jama'a, ki tafi da ita ganin likita ta ji da kunnenta, tsofaffi sun fi jin ta bakin mai farar riga. Gutsuren fanke ba zai kashe ta yau ba, wani lokacin ko zawo ba za a gani ba, amma hanjin yana ɓaci a ɓoye. Sannan ki ba Inna abin da za ta riƙa miƙa wa jikarta, ƙuliƙuli ko dabino ko kantun riɗi, don ita so take ta ba da wani abu, in kin hana hannunta fanke ki cika shi da wani abin.

Kuma wallahi ke da ke Argungu ba ki da buƙatar jiran kwali daga Ingila. Shinkafar fadamarku, gero, dawa, masara, acca, wake, rogo, doya, dankali, kifi, nama, ƙwai, duk babu gulutin a cikinsu. Tuwon shinkafa da miyar kuka, fura da nono, kunun zaƙi na gero, alala, ta ci ta ƙoshi. Wasu yaran madara kan dame su a farko kafin hanji ya warke, ki lura da wannan. Abin gudu su ne burodi, taliya, Indomie, tuwon semo, kuskus, gurasa, alkaki, funkaso, cincin, biskit da lemon malt tunda da sha'ir ake yin sa.

Waɗannan masu sauƙi ne don ana ganinsu, ɓarawon yana wurin niƙa. Ki kai geronki inji, mai injin ya gama niƙa wa wata alkamar alkakin biki yanzun nan, ya zuba naki a kai ba tare da ya kakkaɓe ba, shi ke nan garin ya gurɓata kina can kina cewa ai tuwon gero kawai take ci. Ki nemi injin da ba ya taɓa alkama ko ki koma turmi, rariyarta da muciyarta su zama daban. Mai ƙosai da ke soya fanke a mai ɗaya, ɗanwaken da aka haɗa da fulawa, masar da aka ɗan barbaɗa wa fulawa don ta kama, har dunƙulen ɗanɗano wasu akwai alkama, sai kin karanta bayan kwali. A makaranta ki yi wa malamarta bayani, ranar biki ko suna ki riƙe mata nata a kula.

Abu na ƙarshe, ciwon yana bin jini, kusan 1 cikin 10 na iyaye da 'yan uwan mai shi suna da shi, don haka ke da babanta da sauran yaran ku yi gwajin. Amma kada ku daina cin alkama kafin a ɗibi jinin, in kun daina sakamakon zai iya fitowa babu komai alhali akwai.