Hukuncin kafintan da baya iya aiki sai da waƙar rege

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni kafinta ne a Jos, shekarata 17 a sana'ar, gado da kujeru da ƙofofi nake yi, a kasuwar Katako nake saro kaya. Matsalata Malam rege ce. Tun ina yaron shago ogan da ya koya min aiki safe da yamma kaset ɗin Bob Marley da Lucky Dube ne ke tashi, har abin ya bi jikina, yanzu in babu shi wallahi hannuna nauyi yake yi, in na kunna kuwa sai na goge ƙofa uku ban sani ba. Bana shan wiwi, ko sigari bana sha, bana tara gashi, sallah bata wuce ni. Wani abokina yace kuɗin da nake samu ma haramun ne tunda da kiɗa a kunne nayi aikin. Sannan akwai mai sa kiɗa a gidajen biki da ya kawo min aikin akwatin sifika guda huɗu har ya bada adibas. Menene hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Toh malam kafinta, bari in fara da maganar abokinka dan ita ce mai sauƙi, kuma ita ce naga ta fi damunka. Abokinka yayi kuskure. Kuɗinka halal ne, ka ci ka ciyar da iyali. Laifin kunne daban, ciniki daban, kiɗan da kaji baya shiga cikin ƙofar da ka ƙera ya haramta kuɗinta. Sana'arka ma sana'ar Annabawa ce, a Sahihu Muslim Manzon Allah (SAW) yace Annabi Zakariyya kafinta ne, mumbarin masallacin Madina ma wani bawa kafinta ne na wata mata ya haɗa shi da itacen da aka saro daga Gaba, wani daji kusa da Madina, hadisin Sahlu bin Sa'ad ne a Bukhari. In kana neman abinda ke ɓata kuɗin kafinta ga su nan kusa da kai: a shafa wa malaina kala a ce madaci ne, ko a yi wa mutum ƙofa da ɗanyen katako wata biyu ta lanƙwashe taƙi rufuwa, ko a karɓi adibas ɗin kayan ɗakin amarya a dinga gobe jibi har ranar jere tazo ba gado. Ku da teloli dai Allah ya shirye ku akan alƙawari. Wannan shine wajen da ake jin tsoron cin haram.

Sai kiɗan kansa. Gaskiya bazan ɓoye maka ba, mafi yawan malamai, harda mazhabobin nan huɗu a mashhurin zancensu, sun hana sauraron kayan kiɗa in banda irin mandiri a biki da idi. Hujjarsu hadisin Bukhari da yace za a samu wasu mutane a al'ummata suna halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa, da kuma fassarar Ibnu Mas'ud ga aya ta 6 a suratu Luƙman inda ya rantse cewa waƙa ake nufi da lahwal hadis, wato zancen shagala da ayar ta ambata. Mu nan da muka tashi da Risala ta Ibnu Abi Zaid ai a can wajen ƙarshenta ya faɗa ƙarara cewa baya halatta ka saurari kayan wasa da waƙa da gangan. Akwai kuma waɗanda suka saɓa, Ibnu Hazm ya raunana hadisin yace akwai yankewa tsakanin Bukhari da Hishamu bin Ammar wanda ya ɗauko hadisin daga wajensa, sai dai Ibnus Salah da Ibnu Hajar sun mayar masa da martani sun nuna hadisin a sadar yake ta wasu hanyoyi, Imamul Gazali shima yayi sassauci da sharuɗɗa. Ni abinda nake bi nake kuma bada fatawa da shi shine na jumhur, wato mafi yawan malamai, a bari. Amma bana ɗaukar wanda ya bi ɗaya ɓangaren da ilimi a matsayin wanda ya fita daga addini.

To amma tambayarka akan rege ce takamaimai, kuma nan ne maganar ta canza, dan ko su masu sassaucin nan sharaɗinsu na farko shine kada kalmomin waƙar su ɗauki saɓo. Ka san daga ina ta fito? A Jamaika aka haife ta wajen ƙarshen shekarun 1960, kuma da wuri ta zama bakin da ƴan Rastafari ke wa'azin addininsu da shi. Shi Rastafari ɗin addini ne fa, ba gayu bane ba kuma tara gashi kawai ba. Ya taso ne a Jamaika bayan an naɗa Ras Tafari Makonnen sarautar Habasha a shekarar 1930 ya koma Haile Selassie, sai wasu baƙaƙen fata da bauta da mulkin Turawa suka gama wahalar da su suka ce ai wannan shine Almasihu ya dawo, wasunsu suka ce shine Ubangiji da kansa a jikin mutum, wa'iyazu billah. Da Haile Selassie ya kai ziyara Jamaika a 1966 dubban mutane suka cika filin jirgi tarbarsa. Abin mamaki shi mutumin Kirista ne ɗan cocin Orthodox na Habasha, bai taɓa kiran kansa abin bauta ba, sojoji suka hamɓarar da shi a 1974 ya mutu a tsare a 1975. Kaga kenan idan mawaƙi ya ɗaga murya ya haɗa sunan Jah, wato sunan da suke kiran Ubangiji da shi, da sunan Rastafari ko Selassie, kirari yake wa abin bautarsa, kai kuma kana riƙe da guduma kana amsa amshi kana gyaɗa kai. Wannan babu wani saɓani a kansa, ba Ibnu Hazm ba Gazali ba wanda zai ce maka ya halatta Musulmi ya dinga maimaita kalmar da take mayar da ɗan Adam Allah dan daɗin sauti. Haka waƙoƙin da ke yabon wiwi, dan su a wajensu shan ta ibada ce.

Kada ka tsorata kace to na kafirta kenan shekara 17. A'a. Wanda yake furta abinda bai san ma'anarsa ba, da Turancin Jamaika da ko mai digiri sai ya kasa kunne, ba a kafirta shi, zuciyarka tana kan tauhidi. Sai dai yau ka sani, uzurin rashin sani ya ƙare daga wannan karatun.

Kuma adalci ne in faɗa, ba duk rege ce haka ba. Da yawa kukan talaka ne da zagin zalunci da wariyar launin fata, Lucky Dube da ka ambata ɗan Afirka ta Kudu ne ya rayu cikin wariyar nan yayi ta waƙa akanta har ƴan fashin mota suka kashe shi a 2007, na kuma fahimci me yasa mai neman na kansa da zufa yake jin kamar da shi ake. Irin waɗannan hukuncinsu ya koma na kiɗa kawai da muka yi bayani a sama, kalmominsu ba shirka bane.

Abinda nake baka shawara, yau ɗin nan ka zauna da wayarka ko memori, duk wadda ke kirarin Selassie ko yabon wiwi ka goge, wannan wajibi ne ba jira. Sauran kuma ka dinga janye jiki, na san abinda ya shiga jini tun yarinta baya fita dare ɗaya, in ka ce yau yau sai ka dawo jibi da ƙarfi. Abinda hannunka ke nema ai wani sauti ne da zai tafi daidai da bugun ƙusa da jan zarto, kuma shari'a bata hana wannan ba, sahabbai suna rera baitoci suna ɗaukar tubalin masallacin Madina, haka ranar haƙan Khandaƙ, Annabi (SAW) yana amsa musu. Ka nemi waƙen da ba kayan kiɗa, na wa'azi ko na yabon Annabi mai tsafta, ko ka buɗe rediyo kaji labarai, ko kai da yaran shago ku rera naku. Ƙur'ani kam in inji na ƙara ana hayaniyar ciniki ba mai saurare gara a bari sai an natsu. In kuma maƙwabcin shagonka ne ya kunna tasa ta shigo kunnenka ba ka da laifi, ji daban saurare daban.

Abu biyu da baka tambaya ba amma sai na faɗa. Yaran da ke koyon aiki a wajenka, yadda ogan ka ya zuba maka wannan abin a kunne ba tare da ya ce maka ka so shi ba, haka kake zuba musu yanzu, amana ce iyayensu suka baka. Na biyu iyafis, dan Allah kada ka toshe kunne kana kan injin yanka katako, kai ka fini sanin cewa da kunne ake gane injin ya canza murya ko katako zai yi tsalle, kafintoci nawa ne yatsunsu basu cika goma ba. Jefa kai cikin cuta haramun ne ko da wa'azi kake ji a ciki.

Akwatin sifika kuwa asalinsa halal ne ƙera shi, masallaci da Islamiyya ma da shi suke aiki, in wani yazo yace yi min baka san me zai yi da shi ba ba sai ka titsiye shi da tambaya ba. Amma wannan ka san sana'arsa, ka san wajen rawa da cakuɗar maza da mata za a kai. A mazhabar Malik ba a sayar wa mutum abinda aka san saɓo zai yi da shi, kamar inabi ga mai dafa giya, saboda aya ta 2 a suratul Ma'ida da ta hana taimakekeniya akan zunubi, duk da an ruwaito sassauci daga Abu Hanifa a irin wannan. In baka yanka filawud ɗin ba ka mayar masa da adibas ɗinsa cikin mutunci da wuri dan ya nemi wani, kada ka riƙe masa kuɗi kana masa wa'azi. In ka riga ka haɗa su, ka maida masa kuɗinsa in ya yarda ka nemi masallaci ko makarantar da zata saya, in kuma yaƙi ya kafe akan alƙawari zai zama rigima, ka miƙa masa kayansa kayi istigfari kada ka sake karɓar irinsa.

Wallahu a'alam.