Mai gyara ya ce a shafe tsohuwar makarantar katako da siminti: mu yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina cikin kwamitin al'ummarmu a wani gari a tsakiyar Ingila. Mun karɓi hayar wata tsohuwar makaranta domin karatun yara na Asabar da Lahadi, kuma gyara a wuyanmu yake. Ginin irin na dā ne mai ƙashin katako, yana cikin rajistar gine-ginen tarihi a mataki na biyu. Gungumen da ke kwance a gindin bangon arewa ya yi laushi, ɗakin na warin danshi. Wani mai gyara ya ce zai shafe bangon da siminti, ya bi da fenti mai hana ruwa, ya fesa wa katakon magani. Hankalina bai kwanta ba, ga yara a ciki.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ku dakatar da mutumin nan tun bai kawo buhu ɗaya ba. Gungumen da ka ambata shi ne ginshiƙan bango ke tsaye a kansa, don haka ku janye yara daga wannan ɓangaren har injiniyan da ya san tsohon gini ya duba. Kafin ya zo, ɗauki sukudireba ka soka a kowane taku. Katakon oak, wato itace mai tauri da ake irin wannan gini da shi, yakan ruɓe daga waje, cikinsa na nan kamar ƙarfe. In ta shiga santimita ɗaya ta tsaya, da sauƙi. In ta nutse har mariƙi, musamman inda ginshiƙi ya shiga ramin gungumen, sai an tokare.

Yanzu maganar siminti, wadda ita ce ke ci mana tuwo a ƙwarya kullum. Mutane sun ɗauka duk abin da ya fi tauri ya fi kariya. A ginin katako ba haka ba ne. Wannan gini da rami da harshe aka haɗa shi, wato a feƙe bakin katako a zura shi cikin ramin wani, aka soke da turakun itace, yana motsi kaɗan tsakanin sanyi da bazara. Tsakanin katakan kuma saƙar tsumagu ce aka yaɓe da laka da ciyawa, aka bi da laim, wato farar ƙasar da ake samu daga ƙonannen dutse. Ruwa ya jiƙa shi, iska ta busar. Siminti ba ya bin motsin katako, sai ya tsage siriri daidai inda suka haɗu. Ruwan sama ya gangaro ya shige ta tsagar, ya rasa mafita, ya kwanta a kan gungumen ƙasa. Da zarar danshin katako ya wuce kashi 20 cikin 100, ruɓa ta samu gida, ƙwaron da ke huda tsohon oak ma ya biyo baya. Daga waje bango sumul, ciki kuwa gari. Wanda ya ga yadda shafen siminti ke ɓallewa daga ginin ƙasa a Kano ko Zariya, ya bar kan azara a ruɓe, ya riga ya san ciwon.

Fentin roba da kwalta duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Baƙin launin da ake gani a katakan gidaje da yawa a Ingila ma yayi ne da ya yaɗu a ƙarni na 19. Feshin magani kuwa ba ya ratsa zuciyar oak, kuma ba ya tsayar da ruwa. Mai sayar da shi zai ba ku takardar garanti ya tafi, indararo na ci gaba da zuba. Ku dubi zauren makarantar garin Stratford-upon-Avon a Ingila, shi ma mai ƙashin katako, wanda aka gina wajen 1420, har yau yana tsaye ana shigarsa. Ya yi ƙarnuka kafin a san simintin zamani, wanda sai a 1824 aka yi masa rajista.

Ku fara da neman inda ruwan ke fitowa. Ku fita lokacin da ake tsuga ruwa ku kalli indararo da bututunsa. Sannan ku duba ƙasar waje: sau da yawa kwaltar filin wasa ce aka yi ta ƙarawa har ta binne gindin bango. A sauke ta aƙalla milimita 150 ƙasa da gungumen. In akwai tsohon siminti, da kurfi da guduma za a cire shi a hankali, ba da injin yanka ba. Ɓangaren da ya mutu kaɗai ake yankewa, a dasa busasshen oak a gurbinsa. In za a sa noti, a sa wanda ba ya tsatsa, domin ruwan jikin oak na cin baƙin ƙarfe. Shafe kuwa awo ɗaya na kwaɓaɓɓen laim, uku na yashi mai kaifi, da gashin dabba a ciki, sai farar ƙasa siririya sau uku ko huɗu. Kada a yi wannan aiki in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5.

Saura hukuma. Dokar 1990 ta gine-ginen da ke rajista ta shafi ciki da waje, ko da matakin na biyu ne. Canza kamannin ginin ba izini laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara 2 ko biyan tara, kuma yana hawa kan mai aikin da wanda ya sa shi. Neman izinin a ƙaramar hukuma ba a biyan kuɗi, wa'adinsa mako 8, amma jami'an adana tarihi sun yi ƙaranci, takarda takan kwana a tebur katako na ci gaba da shan ruwa. Abin takaici ne, sai dai share indararo ba ya jiran izinin kowa. Ku sanar da mai ginin a rubuce, ku tura wa jami'in hotuna da rahoton injiniya. Ƙungiyar SPAB, wadda ke kare tsofaffin gine-gine tun 1877, tana ba da shawara kyauta ta waya.