Amsa kan wata famfo (famfon da ke zagaya ruwan sanyaya inji) na Porsche Boxster

Malam, ka ce Boxster ɗinka ta 2001 tana ƙara daga bayan kujera, ruwan lagireto kuma yana raguwa, kana tambaya ko za ka iya jira sai ta fara zafi kafin ka canza wata famfo. Don Allah kada ka jira.

Farfelar wata famfon motar nan ta roba ce. Idan boris ya ci, farfelar kan goga jikin inji ta kakkarye, gutsattsarin su bi ruwa su toshe ƙananan hanyoyin kan silinda. Wurin sai ya yi ta zafi shi kaɗai, allurar dashbod ba ta nuna komai ba, har ƙarfen ya tsage. Sa bakanike ya cire murfin da ke bayan kujeru, ya sauke bel, ya girgiza fulin wata famfon (inda bel ke ɗaurawa) da hannu. In yana lilo, ko ka ga busasshen ruwa ya yi fari-fari a ƙarƙashinsa, a canza wata famfon. A kuma duba tsohuwar farfelar ko akwai haƙorin da ya ɓace.

Ni ba na son mai farfelar ƙarfe, tana iya cin jikin injin. A canza har da tamostat (abin da ke daidaita zafin ruwan inji), a fitar da iska daga bututun ruwa sosai, don lagireto na gaba, inji na tsakiya.