Tambaya da Amsa: Zubar jini da daskarewarsa ga masu ciwon hanta

TAMBAYA: Likita, ni ɗalibar aikin jinya ce. An koya mana cewa jinin mai tsananin ciwon hanta ba ya daskarewa da wuri, sai kuma na karanta cewa gudan jini kan toshe masa jijiya. Me ya hana masu bincike warware wannan batu?

AMSA: Duka biyun gaskiya ne. Hanta ce ke samar da mafi yawan sinadaran da ke daskarar da jini, ita ce kuma ke samar da masu taka musu birki, irin su furotin C da antitirombin. Idan ta lalace, ɓangarorin biyu kan ragu tare, sai jini ya zauna a kan daidaito marar ƙarfi, wanda shigar ƙwayar cuta ko matsalar ƙoda ke iya karkatar da shi ta kowane gefe.

A ganina, babban cikas shi ne awon da ake dogaro da shi. Gwajin PT, mai auna lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, wanda Armand Quick ya ƙirƙiro a 1935, ɓangaren daskarewa kaɗai yake gani, INR kuwa, wato lissafin da ake fitarwa daga sakamakon PT, domin masu shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, aka tsara shi. Shi ya sa za ki ga INR na majinyaci ya hau sosai, kamar dai jininsa ba zai daskare da wuri ba, amma a soka masa allura a zuƙe ruwan cikinsa ba tare da ya zubar da jini ba. A 2005 Armando Tripodi da abokan aikinsa a Milan ta Italiya suka nuna cewa idan aka ƙara sinadarin da ke tayar da furotin C a cikin gwajin, jinin waɗannan majinyata na samar da tirombin, wato sinadarin da ke haɗa gudan jini, kamar na masu lafiya.

Sannan ba kowace zubar jini ce ke da nasaba da daskarewa ba. Aman jinin da kumburarrun jijiyoyin maƙoshi ke haddasawa, matsin jinin da ke shiga hanta daga hanji ne silarsa, kuma duk binciken da ya cakuɗa shi da zubar jini bayan tiyata zai ba da sakamako mai ruɗarwa.

Akwai kuma ƙarancin mutanen gwaji. Manyan gwaje-gwajen magungunan hana daskarewar jini, rivaroxaban da apixaban, ba su sa masu tsananin ciwon hanta a ciki ba saboda tsoron zubar jini, kuma ko gwajin allurar hana daskarewar jini ta enoxaparin da Erica Villa ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2012 kuma ake yawan kafa hujja da shi, majinyata 70 ne kacal suka shiga cikinsa.