Kafin ka zuba tarwada a kududdufi, ka san wa zai saya

Wani ɗan'uwa mai shagon tireda ya turo min tambaya, yana da fili a bayan gida da ɗan jari a hannu, yana so ya haƙa kududdufi ya zuba 'ya'yan tarwada guda 1000, wai nan da wata shida ya kwashe ya sayar. Yana tambaya shin harkar tana fitar da kai?

To Alhaji, tana fitarwa, amma ba yadda ake zuzuta ta a Facebook ba. Kuɗin haƙa rami da na 'ya'yan kifi su ne ƙananan kuɗi, babban kuɗin yana wajen abinci, shi kaɗai yana cinye fiye da rabin duk abin da za ka kashe. Kifi ɗaya kafin ya kai kilo ɗaya sai ya ci abinci kilo ɗaya ko sama da haka, kaga kenan kifi 1000 ana maganar kusan tan guda na abinci, buhu mai kilo 15 kuwa sai ka lissafa guda nawa ne wannan, ka je ka tambayi farashin buhun abincin kifi irin Coppens ko Blue Crown ko Vital na yau ka ninka. Idan kuɗin nan bai cika a hannunka ba tun ranar farko, dan Allah ka rage kifin zuwa 300 ko 400. Na sha ganin masu zuba dubu, wata na huɗu kuɗi ya ƙare lokacin da kifi ya fi ci, sai a fara taɓa jarin shago, daga nan shago ya rame kifi ma ya rame.

Sannan tarwada tana cin 'yar uwarta, in ba ka tace su kana ware manya daga ƙanana a watannin farko ba, za ka zuba dubu ka kwashi abin da bai kai ba. Lokacin hunturu kuma ruwa na yin sanyi cinsu ya ragu, girma ya tsaya, kar ka sa lissafinka ya faɗa nan. Ruwa ma sai ana canzawa, in ba ka da rijiyar burtsatse ko sola, kuɗin man janareta ya shiga lissafi.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ranar kamu. Dillalai su zo da sikelinsu da robobinsu, su ware manya gefe ɗaya su ce ƙananan nan ba sa so sai da ragi, kai kuma ka riga ka zubar da ruwa kifi na ta mutsu-mutsu a cikin koma, dole ka sallama. Shi ya sa nake cewa ka nemi mai saye tun kifi na wata uku. Ka zagaya wajen masu gashin kifi da gidajen abinci, ka ji girman da suke so da farashin kilo, ka sayi sikelinka na kanka, ka kwashe kaɗan-kaɗan ba duka a rana ɗaya ba. Ƙananan da suka raina kuma ka yi bandarsu, tunda kana da shago ai ga wurin sayarwa nan, busasshen kifi yana jiran kasuwa ba ya cin abinci.

Ka fara da kaɗan zagaye ɗaya, ka rubuta kowace naira a littafi daban da na shago.