Kar ka yi saurin sayar da ita, tsirkiyar za ka fara dubawa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce yayanka ya aiko maka da gitar bas daga Faransa, Precision sabuwar ƙira amma a kan fasalin ta 1960. Kwana goma ke nan tana hannunka, wuyanta ya cika maka tafi, kuma maimakon muryar nan mai kauri da kake ji a tsofaffin faya-fayai sai ƙarar ƙarfe take yi maka, har ka fara neman mai saye. Dakata tukuna. Ni ma irinta gare ni nan Yamai, shekara ta huɗu ke nan, kuma makon farko tsaki na yi ta ja.

Ina tuna daren da na buɗe akwatin tawa. Warin fenti ya cika ɗakin, na ɗora ta a cinya, na kama kunnen E, tsirkiya mafi kauri, zan ɗaure, sai na ji tsirkiya tana saki. Ashe kunnuwan a juye suke murɗawa, kamar yadda na wancan zamanin suke. Da na jona ta a ampli kuwa, duk inda yatsa ya goga sai ka ji ƙiii, kamar ana jan kujerar ƙarfe a kan siminti. Na ce to, an kashe kuɗi an sayo hayaniya.

Ba laifin gitar ba ne. Leo Fender ya fitar da Precision a 1951 a Kalifoniya, a 1957 aka sake mata fasali aka sa mata mikro ɗin nan mai rabe biyu da kake gani a tsakiyar jikinta, wanda ke ɗaukar amon tsirkiya. A duk waɗannan shekarun tsirkiya mai santsi ake ɗaura wa bas, wadda za ka ga an rubuta flatwound a kwalinta: ƙarfen da aka naɗe ta da shi shimfiɗaɗɗe ne kamar zirin ƙyalle, an goge shi sumul. Mai kaushin nan da kowa ya saba da ita yau, wato roundwound, sai a 1966 ta fara yin tashe, lokacin da kamfanin Rotosound na Ingila ya yi aiki da John Entwistle na ƙungiyar The Who. Ita da zagayayyar waya ake naɗe ta, shi ya sa take da tsagi-tsagi da tsinin murya. Tunda ka ce taka tana kartar yatsa, mai kaushi ce a kanta. An ɗinka maka babbar riga irin ta kakanni, an ɗora maka hular ƴan ƙwallo.

Muryar da kake nema, ta irin su James Jamerson ce, mai bas ɗin kamfanin faya-fayai na Motown a Detroit. Precision ta 1962 yake bugawa, da tsirkiya mai santsi ta La Bella wadda yakan yi shekaru bai sake ba, ga soso a ƙarƙashin murfin gada, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jiki, yana danne amon, kuma yawanci da yatsa ɗaya yake fizga. Kafin ka kashe ko dala, gwada wannan yau da dare: yanko soson tsohuwar katifa kamar faɗin yatsa biyu, cusa shi ƙarƙashin tsirkiyoyin dab da gada, rage maɓallin ton, wato na tsinin murya, ya kusa ƙarewa, sannan ka buga kusa da gindin wuya da naman yatsa. In ka ji abin ya fara yi maka daɗi, to mai santsi ce maganinka.

Ni abin da ya sa na zauna a kanta ma ba tarihi ba ne, garin nan ne. Ka san Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, kana tsaye a gidan biki tun la'asar, zufa na bin hannu tana sauka kan wuyan gita. Hunturu ya zo, ƙura ta karɓi aiki. Tsagin mai kaushi duk nan zufa da ƙura suke kwanciya, bayan ƴan makonni muryar ta mutu, ba ta zama ta da ba, ba ta zama ta yanzu ba. Mu da muka daɗe har dafa su muke yi a tukunya, su farfaɗo na kwana kaɗan su sake mutuwa. Sannan ka zauna jiran wanda zai dawo daga Kano ko Kwatano ya riƙo maka sabuwa. Akwai lokacin da na saya wajen wani mai shago, kwali mai kyau da suna babba, cikin mako guda ta yi tsatsa, tsirkiyar G ta tsinke mini ana tsakiyar rakiyar amarya. Jabu ce. Mai santsi ba ta da inda datti zai ɓuya. Saitin da na ɗaura tun watan farko shi ne har yau, in na gama in share da tsumma busasshe, shi ke nan. Ta fi tsada a saye, amma sau ɗaya za ka ji zafin.

Sai dai ba zan ɓoye maka aibinta ba. In kai mai slap ne, wato mai marin tsirkiya da babban yatsa, manta da ita. Kuma in ana kiɗa mai gudu, gita biyu suna tsere, ga kalangu, ga ampli ƙarami, tana iya nutsewa a rasa ka. Da yawa sai su ƙara bas a ampli, abin ya koma gurnani. Tsakiyar murya za ka ɗaga, ka buɗe ton kaɗan. Makonnin farko kuma za ka ji ta da tauri, tana ɗan kama fatar yatsa. Ka ba ta wata guda.

Yanzu maganar da ta fi muhimmanci, wato wuya. Kar ka ce sai kaurin da Jamerson ya yi amfani da shi, lamba 52 zuwa 110, daga siririyar tsirkiya zuwa mafi kauri. Wannan jan igiyar rijiya ne. Nemi 45 zuwa 105 ko ƙasa da haka. In hannunka bai son tauri, Thomastik ta Ostiriya, 43 zuwa 100, tana da laushi sosai. Kowacce ka ɗaura, jan da take yi wa wuya zai bambanta da na da, don haka sai an taɓa sandar ƙarfen da ke cikinsa. A irin wannan tsohuwar ƙira bakin sandar yana gindin wuya ne, inda ya shiga jiki, ba can wajen kai ba, kuma sau da yawa sai an sassauta kusoshi huɗun baya an ɗaga wuyan kafin turnabis ya samu shiga. Ga yadda nake aunawa: in danne E a gidan farko da na ƙarshe, in dubi tsakiya, wajen gida na 8. In katin waya siriri ya shige da ƙyar tsakanin tsirkiya da ƙarfen gidan, lafiya lau. In akwai rami, a ɗaure. In tsirkiya ta kwanta a kan ƙarfe, a sassauta. Rubu'in juyi kawai, ka bar ta ta kwana, gobe ka sake dubawa. In gabanka na faɗuwa, leƙa CFPM Taya, cibiyar koyon kiɗa da ke nan Yamai, ka tambayi masu koyar da gita wa suke kai wa tasu.

Wannan aikin sau biyu nake yinsa a shekara, shigar hunturu da faɗuwar damina, don itace na shan iska yana amayarwa. Cikin Janairu za ka iya jin bakin ƙarafan wuya suna kartar gefen hannu: itacen ne ya tsuke. Ni soso mai ɗan danshi nake sawa cikin gwangwanin sabulu mai huji, in ajiye a akwatin, ba tare da ya taɓa jikin gitar ba.

Wajen ɗaurawa, ɓangaren da aka naɗe da zare shi kaɗai zai hau kan kunne. In ƙarfen mai santsi ya lanƙwasa a wurin, yana iya karyewa, kuɗinka sun tafi.

Faɗin wuya kuwa haka Precision ta lokacin take, wajen milimita 44 a sama, ta Jazz, ɗayar bas ɗin Fender, kuma 38. Sauke babban yatsa ya koma bayan wuya, hannu zai saba.

Tambayi yayanka ko fentin nitro ne, irin na zamanin da, don wasu daga cikin irin waɗannan da shi ake fesa su. In shi ne, nisanta ta da turaren fesawa da maganin sauro da robar abin jingina gita, kuma kar ka fito da ita daga ɗaki mai sanyin kilim kai tsaye zuwa rana, fentin yana tsagewa. Tawa akwai tambarin turare a kafaɗarta tun wata Sallah.

Tsofaffin tsirkiyoyin kar ka yar. Naɗe su ka jefa a aljihun akwati, ranar da wata ta tsinke a gidan biki za ka neme su.